Gidan Makama da Gwanayen da Ba a Rubuta Sunayensu Ba

Akwai tambayar da ta daɗe tana yawo tsakanin masu zane da ɗaliban fasaha a Arewa, kuma takan ƙara ƙarfi idan watan Nuwamba ya kama, hotunan bikin baje kolin ART X na Legas suka cika wayoyin mutane. Me ya sa Kano, birnin da ya yi ɗaruruwan shekaru yana sayar wa duniya abin ado, ba shi da wani baje kolin zane-zane da ake ɗokin zuwansa duk shekara? Wasu su ce addini ne ya hana, wasu su ce mai jin yunwa ba ya kallon zane, wasu kuma su ce ai wannan harkar 'yan boko ce da Turawa, babu ruwanmu da ita. Kowace magana a cikin waɗannan tana da ɗan gaskiyarta, kuma zan bi su. Amma a ganina babu wadda ta taɓo jijiyar matsalar. Abin da ya hana baje kolin fasaha tsayuwa a Kano shi ne gidajen tarihinmu an kafa su ne domin ajiye abin da ya shuɗe, kuma a cikinsu ana nuna aiki ana ɓoye wanda ya yi shi. Muddin gwanin da ke raye ba shi da bangon da za a rataya aikinsa da sunansa a ƙasa, to ko gine-gine nawa gwamnati ta ƙara, ba za mu ga canji ba.

A ɗauki Gidan Makama, wanda shi ne fitaccen gidan tarihin birnin. Gini ne na ƙarni na 15, ana danganta shi da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, kuma shi kansa ginin, da zaurukansa da bakan-gizon rufinsa, abin kallo ne. A ɗakunansa 11 akwai ƙyamaren tsofaffin ƙofofin ganuwa, da kayan yaƙi, da kayan kiɗa, da tufafi, da hotunan sarakuna, da labarin zuwan Turawa a 1903. Duk wannan dukiya ce, ba mai musu. Haka ma Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a 1909. To amma wanda ya shiga waɗannan gidaje yana ɗan firamare, malaminsu ya jera su a layi, me zai sa ya koma yana magidanci? Abin da ya gani a wancan lokaci shi zai sake tararwa, kusan a inda ya bar shi. Gidan tarihin da ba ya sauya abin da yake nunawa, ziyara ɗaya yake samu daga kowane mutum a tsawon rayuwarsa, ita ma sau da yawa makaranta ce ta kai shi.

Wannan hali yana da asali. Gidajen tarihin Najeriya sun taso ne daga hukumar kula da kayan da da Turawan mulki suka kafa a 1943, Kenneth Murray yana jagorantarta. Gidan tarihin Jos, wanda Bernard Fagg ya buɗe a 1952, ya samu ne saboda gumakan yumɓu na Nok da masu haƙar kuza suke tonowa. Na Legas ya biyo baya a 1957. Damuwar waɗannan mutane ita ce ceto tsofaffin kaya daga lalacewa da sata, kuma sun yi aikin da ya cancanci yabo. Sai dai idonsu yana kan ƙabila ne da zamani, ba kan mutum ba. Shi ya sa takardar da ake liƙawa a gefen kaya takan ce wannan rigar Hausawa ce, wannan ƙwaryar Fulani ce, wannan tukunyar Gwari ce, sai ka ce ƙabilar ce gaba ɗaya ta zauna ta riƙe allura. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da aka kafa a 1979 ta gaji wannan tsari, mu kuma muka karɓe shi ba tare da mun tambaya ba. Wa ya ɗinka rigar? A wace unguwa? Wa ya koya masa? Wata nawa ya yi a kanta? Babu amsa a jikin bango.

Domin a ga abin da suna da baje koli suke iya yi wa mai sana'a, a dubi Ladi Kwali. Mata masu ginin tukwane a ƙasar Gwari suna da yawa, kuma da yawansu gwanaye ne. Abin da ya bambanta ta shi ne an samu wanda ya tsaya ya ce wannan tukunyar ta wance ce. Sarkin Abuja na wancan lokaci, Alhaji Sulaimanu Barau, yana tara tukwanenta a fadarsa, a nan ne Baturen nan maginin tukwane Michael Cardew ya fara ganinsu. Ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, aka baje kolin aikinta a Landan tun kafin ƙarshen shekarun 1950, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, yau kuma hotonta yana bayan takardar naira 20. Hannunta bai canja ba daga ranar da aka fara rubuta sunanta. Abin da ya canja shi ne aikinta ya samu tarihi, ana iya cewa wannan na farkon shekarunta ne, wancan na ƙarshe, ana iya kwatanta ta da wata, ana iya yi mata farashi da sunanta. Kuma a lura da wanda ya fara daraja aikin: sarkin Hausa ne, Musulmi, a fadarsa.

Yanzu a juyo ga babbar riga mai aska takwas. Akwai malamin da ya zana fasalin a jikin yadi, akwai maɗinkin da ya kwashe watanni yana bin zanen da zaren tsamiya, akwai marini, akwai mabugi. Rigar ta fita kasuwa, dillali ya sayar, a ƙarshe wasu irinta suka kai manyan gidajen tarihi na Ingila da Jamus da Amurka, inda sau da yawa sunan Baturen da ya saya ne a rubuce, na wanda ya ɗinka babu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Muna murna, kuma da hujja, da ganin Jamus ta fara dawo da kayan tagulla na Benin a Disambar 2022, waɗanda sojojin Ingila suka kwashe a 1897. Amma akwai asarar da babu wata ƙasar waje da za ta iya biyan mu, wato sunayen gwanayen da muka bari suka mutu ba a rubuta ba. Ba kuma al'adarmu ce ta hana ambaton gwani ba. Har yau Zazzagawa sun san Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, a tsakiyar ƙarni na 19, kuma unguwarsa tana nan da sunansa. Mutane sun riƙe sunan da baki. Gidajen tarihi ne suka kasa yin abin da bakin mutane ya yi.

Maganar addini ita ce mafi nauyi, kuma ba na cikin masu yi mata riƙon sakainar kashi. Hadisan da suka yi gargaɗi a kan sassaƙa ko zana surar abu mai rai ingantattu ne, malamai sun yi dogon bayani a kansu, sun kuma saɓa wa juna a kan iyakokinsu, musamman tsakanin gunki mai jiki da zane a kan takarda ko ƙyalle. Musulmin da ya ce ba zai shiga ɗakin da aka jera gumaka ba yana da hujjarsa, kuma babu wanda ya isa ya kira shi jahili. Kuskuren yana wurin waɗanda suka ɗauka cewa fasahar ido gaba ɗayanta zanen mutum ce da dabba. Ina aka bar zayyanar allo, wadda ake yi wa ɗalibi ranar saukar Alƙur'ani? Ina aka bar adon da alarammomin Kano da Barno suke yi wa Alƙur'anin da suka rubuta da hannu, da jan tawada da ruwan ɗorawa, da alamomin hizbi da sumuni waɗanda kowane marubuci yake da salonsa a kansu? Rubutun Sharu Bala na Gabari ya shiga gidaje da makarantun allo har wajen Najeriya, masana daga Turai sun yi nazari a kansa. Da a ce za a jera allunan zayyana na gwanaye goma daga Kano da Haɗeja da Gaidam da Damagaram, kowanne da sunan mai shi da na malaminsa, wane malami ne zai ce haramun ne a je a kalla?

Ƙasashen da muke kallo a matsayin jagorori a addini sun riga sun wuce wannan muhawara. Ƙatar ta buɗe babban gidan fasahar Musulunci a Doha a 2008. Saudiyya kuwa, a 2023, ta fara wani gagarumin baje kolin fasahar Musulunci da ake yi duk bayan shekara biyu a Jidda, kuma wurin da ta zaɓa shi ne sashen alhazai na filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz, filin da alhazanmu suke sauka. A karo na biyu, a 2025, an baje rigar Ka'aba sukutum, tare da tsofaffin Alƙur'anai da ayyukan masu fasaha na wannan zamani. Idan masu hidimar Haramaini suna ganin dacewar a haɗa tsohon rubutu da sabon aiki a ƙarƙashin rufi ɗaya domin jama'a su gani, mene ne hujjar Kano ta noƙewa? Iyakar abin da addini ya ɗora wa mai shirya baje koli shi ne ya san abin da zai zaɓa da yadda zai nuna shi, ya kuma shawarci malamai tun ran gini, ba sai an zo zane ba.

Akwai kuma masu cewa Kasuwar Kurmi ita ce gidan baje kolinmu, marinar Ƙofar Mata da ake cewa ta faro tun 1498 ita ce gidan tarihinmu mai rai, don haka ba mu da buƙatar kwaikwayon farin ɗakin Turawa mai fitilu. Wannan magana tana burge ni fiye da sauran, domin akwai kishi a cikinta. Gaskiya ne Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya yi mamakin yadda tufafin birnin suke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Amma kasuwa da baje koli ayyukansu daban. Kasuwa tana nuna abin da zai fita yau, a farashin da mai saye zai iya biya yau. Idan masu saye suka koma ga atamfar Sin mai arha da ɗinkin inji, ɗan kasuwa ba shi da zaɓi sai ya bi su, aikin hannu mai wuya kuma ya koma ƙasan tebur, daga nan ya ɓace. Duk wanda ya san marinar Ƙofar Mata ya san ramukan da ake aiki a cikinsu kaɗan ne a kan waɗanda suka bushe. Baje koli yana cire abu daga ciniki na ɗan lokaci, ya ajiye shi kusa da na magabata da na tsara, ya ba ido damar bambance gwani da ɗan koyo. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma a rumfar kasuwa ba a gwadawa, ana tayawa ne.

Shi kuma mai cewa a fara cika ciki tukuna, ina tare da shi a kan cewa asibiti da makaranta da tsaro sun fi komai gaggawa. Amma su waye masu fasahar da muke magana a kai? Marina ne, dukawa, maɗinka, magina, maƙera, masu sassaƙar ƙwarya, masu zanen manyan motoci, da samarin da suka gama karatun zane suka koma buga allon talla domin su ci abinci. Talakawa ne, kuma hanyar cika cikinsu ita ce aikinsu ya yi daraja. Nike Davies-Okundaye ta ɗauki rinin shuɗi na matan Yarbawa, wanda ɗan'uwan rininmu ne, ta koyar da shi, ta baje shi a ƙasashe, ta kafa babban gidan zane a Lekki wanda baƙin Legas ba sa barin garin ba su leƙa ba. A 2018 an sayar da zanen Tutu na Ben Enwonwu a Landan a kan fam miliyan 1.2. Ba ina cewa kowane mai zane zai ga irin wannan kuɗi ba, kuma kasuwar fasaha ta duniya tana da nata son zuciyar, takan ɗaga mutum ɗaya ta bar dubu. Abin da nake cewa shi ne babu aikin da ya taɓa kaiwa wannan matsayi ba tare da an san wanda ya yi shi, da shekarar da ya yi, da wuraren da aka nuna shi ba. Wannan tarihin kuwa a baje koli ake gina shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne fasahar zamani ta Najeriya a ƙasar Hausa aka rene ta. A Zariya ne, a 1958, ɗaliban kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka ce ba za su ci gaba da kwaikwayon malamansu Turawa ido rufe ba, za su haɗa dabarun da suka koya da abin da suka gada a gida. Uche Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, ya mai da shi tushen wata makaranta guda a Nsukka. Har yau sashen zane na Zariya yana yaye ɗalibai, kuma malamai irin su marigayi Gani Odutokun da Farfesa Jerry Buhari sun yi suna a faɗin ƙasa. To ina ɗalibin da ya gama yake kai aikinsa? Legas ko Abuja, domin a can ne bango yake, a can ne masu saye suke. Tsakanin Zariya da Kano tafiyar da ba ta kai awa uku ba ce, amma aikin da aka yi a Samarun Zariya ya fi saurin isa Ikoyin Legas a kan ya isa Ƙofar Kudun Kano. Zanen bangon gidajen Hausa, da dagi, da fasalin zayyana, suna jiran wanda zai yi musu abin da Okeke ya yi wa uli, kuma wanda zai yi hakan yana buƙatar jama'ar da suka san waɗannan alamomi su tsaya a gaban aikinsa su ce ya yi daidai ko ya kauce.

Kada kuma wani ya ce Bakano bai damu da abin da ido yake gani ba. Mutanen da suke cika tituna tun safe domin kallon hawan Daushe, suna bambance adon dokin wannan hakimi da na wancan, suna tantance rawani da alkyabba da jalala, ba za a ce ba su da idon kallo ba. Hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, kuma rabin abin da ya sa hawan ya zama abin kallo aikin dukawa ne da maɗinka da maƙeran farfaru waɗanda ba a jin sunansu a lasifika. Ko a 2023, da aka rushe ginin shataletalen gidan gwamnati da aka yi domin cikar jihar shekara 50, an kwashe kwanaki ana musu a rediyo da Facebook a kan siffarsa da ma'anarta. Ba shiga wancan rikici nake yi ba. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne jama'ar da za su yi zazzafar muhawara a kan siffar gini, za su yi ta a kan zane idan an nuna musu.

Maƙwabtanmu na Nijar sun gwada wata hanya tun da wuri. Gidan tarihin ƙasa na Yamai, mai ɗauke da sunan Boubou Hama, an buɗe shi a 1959, kuma a harabarsa akwai rumfunan da maƙera da dukawa da masaƙa suke aiki a gaban jama'a suna sayarwa, ga gidan namun daji da ke jawo yara da iyayensu. Yana da nasa matsalolin kuɗi da kulawa, amma ya gane abu ɗaya, wato talaka ba ya zuwa inda yake jin kamar baƙo ne. Wannan shi ne haɗarin da nake tsoro idan aka tashi yin gyara a Kano: a gina wani ɗaki mai sanyi a Nassarawa, a rubuta bayanai da Turanci, a gayyaci manya ranar buɗewa, washegari a kulle. Irin wannan ba zai amfani marini ba, kuma zai tabbatar da zargin masu cewa harkar 'yan boko ce.

Abin da nake nema bai kai haka tsada ba. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta ware ɗaki ɗaya ko biyu a Gidan Makama, hukumar tarihi da al'adu ta jiha ta yi haka a Gidan Ɗan Hausa, a riƙa sauya abin da ke ciki duk bayan wata uku. Wannan karo zayyana, na gaba hulunan hannu, na gaba ayyukan ɗaliban Zariya da na Kano, na gaba hotunan zanen bangon tsofaffin gidajen cikin birni kafin siminti ya gama cinye su. A daidaita manyan nune-nunen da lokacin sallah, sa'ad da gari yake cike da baƙi. A rubuta bayani da Hausa, da boko da ajami, domin almajirin da aikin malaminsa yake rataye ya iya karantawa. Kuɗin fitila da firam da ladan mai shiryawa ba su fi ƙarfin attajiran Kano ba. A Legas mutum ɗaya, Yemisi Shyllon, ya ba wata jami'a ayyukan fasaha 1,000 da kuɗin ginin da aka buɗe a 2019 domin nuna su. Shin birnin da ya haifi manyan masu arzikin Afirka zai rasa wanda zai ɗauki nauyin ɗaki ɗaya na shekara guda?

Wuri mafi wuya shi ne aikin mata. Yawancin hulunan da maza suke taƙama da su, da faya-fayan da ake jerawa a ɗakin amarya, da zanen lalle, a cikin gida ake yin su, yara ne suke kai wa dillali, kuma mai aikin ba ta san nawa aka sayar a ƙarshe ba. Wata za ta so a rubuta sunanta, wata ba za ta so ba, wata sai da yardar maigidanta, kuma dole a girmama kowane zaɓi. Wannan yana nufin mai shirya baje kolin ba zai zauna a ofis ya aika a sayo masa kaya daga Kurmi ba. Sai an samu ma'aikata mata da za su shiga gidaje, su zauna da masu aikin, su tambaye su yadda suke so a ambace su, su rubuta daga wa suka koya, su kuma tabbatar da cewa idan an sayar da abu a wurin nunin, kuɗin ya koma hannun da ya yi shi, da rasit. Jami'ar Bayero tana da ɗaliban tarihi da na Hausa da suke neman abin da za su yi bincike a kai duk shekara, kuma wannan aiki ne da za su iya farawa a zangon karatu mai zuwa, daga unguwannin da ke kewaye da Gidan Makama.